Babe Zaharias: Macen Da Ciwo Bai Karya Mata Zuciya Ba

An haifi Babe Zaharias a jihar Teksas ta Amurka a 1911. Bayan ta ci lambobin zinariya biyu a wasannin Olamfik na 1932, sai ta koma wasan golf. Ta lashe gasar matan da ba sa wasa don kuɗi, ta Amurka a 1946 da ta Birtaniya a 1947, sannan ta mai da wasan sana'a.

A 1953 aka yi mata aikin sankarar hanji, jama'a suka ɗauka wasanta ya ƙare ke nan. Shekara na zagayowa ta ci babbar gasar matan Amurka da tazarar bugu 12. Ta rasu a 1956 tana da shekara 45, bayan ta tara manyan kofuna 10.