Nevile Wilkinson, Soja Mai Tsaron Tamburan Irlanda

An haifi Nevile Wilkinson a Ingila cikin shekara ta 1869. Ya shiga soja a 1890, zamanin Sarauniya Biktoriya, ya halarci yaƙin Afirka ta Kudu. A 1907 aka sace kayan sarautar Irlanda cikin fadar Dublin, daga baya, a farkon 1908, aka tuɓe mai tsaronsu. A 1908 aka naɗa Wilkinson a gurbinsa, shugaban ma'aikatar da ke rubuta asalin manyan gidaje, tana ba su tambari. Da kudancin Irlanda ya sami mulkin kai a 1922, bai sauka ba. Ya riƙe littattafan har rasuwarsa a 1940. Gwamnatin Irlanda ta gaji ma'aikatar da littattafanta a 1943.