Dokta Muhammad Musaddiƙ: Firayim Ministan Iran Da Ya Kara Da Ingila Kan Man Fetur

A cikin shugabannin da suka yi tashe a ƙasashen Musulmi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da wuya a sami wanda mulkinsa ya yi gajarta, sunansa kuma ya daɗe a bakin jama'a, kamar Dokta Muhammad Musaddiƙ na ƙasar Iran, wadda mutanen da ke kira Farisa. Kimanin wata 28 kaɗai ya yi yana Firayim Minista, amma a cikinsu ne ya karɓe arzikin man ƙasarsa daga hannun Turawan Ingila, abin da ya jawo masa tuɓewa da ɗauri har ƙarshen ransa. Labarinsa kuwa bai yi nisa da mu ba, domin kamfanin da ya yi jayayya da shi, shi ne wanda daga baya aka sani da sunan BP, wanda ya daɗe yana haƙo mai yana kuma sayar da shi a Nijeriya.

Asalinsa Da Karatunsa

An haifi Muhammad a birnin Tehran cikin 1882, a gidan sarauta da dukiya. Mahaifinsa, Mirza Hidayatullah, babban ma'aikaci ne mai kula da littattafan baitulmali, mahaifiyarsa kuwa, Najmus Salɗana, jinin gidan sarautar Ƙajar ce, watau zuriyar da ke mulkin Iran a wancan zamani. Yana da kimanin shekara 10 mahaifinsa ya rasu. Sarki Nasiruddin Shah ne ya ba shi laƙabin Musaddiƙus Salɗana, wanda daga cikinsa ya ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi. Tun yana saurayi aka ɗora shi a kan lissafin harajin lardin Khurasan, a nan ya fara ganin yadda kuɗin talakawa ke zurarewa tsakanin masu karɓa da masu rubutawa.

A 1906 malamai da 'yan kasuwa da masu ilimin zamani suka tilasta wa sarki ya yarda da tsarin mulki da majalisar wakilai. Mutanen Isfahan suka zaɓi Musaddiƙ, amma bai zauna ba, saboda bai cika shekara 30 da doka ta yanka ba. A 1909 ya tafi Faris neman ilimi, daga can ya wuce Jami'ar Neuchâtel a Suwizalan, inda ya sami digirin dokta a fannin shari'a cikin 1914. Abin da ya yi nazari a kai shi ne hukuncin wasiyya a fiƙihun Shi'a.

Aikin Gwamnati

Da ya komo gida ya koyar a makarantar nazarin siyasa ta Tehran, sa'an nan ya shiga Ma'aikatar Kuɗi, inda ya yi ta farautar manyan ma'aikata masu wawurar dukiyar hukuma, har ya tara maƙiya da yawa. Tsakanin 1920 da 1923 ya riƙe gwamnan lardin Fars, da Ministan Kuɗi, da gwamnan Azarbaijan, da Ministan Harkokin Waje. Bai daɗe a ko ɗaya ba, gama ba shi da haƙurin zama inda ake take doka.

A ƙarshen Oktoba, 1925, aka kawo wa majalisa ƙudurin kawar da gidan Ƙajar, domin a share wa Firayim Minista Riza Khan, wanda soja ne, hanyar hawa gadon sarauta. Wakilai ƙalilan ne suka ƙi, Musaddiƙ na cikinsu. Hujjarsa ita ce, in Riza Khan ya zama sarki mai bin tsarin mulki, to ƙasa ta yi asarar ma'aikaci mai ƙwazo, tun da sarki ba ya gudanar da gwamnati. In kuwa ya haɗa sarauta da gwamnati a hannunsa, to an koma mulkin mutum ɗaya da aka zubar da jini don a kau da shi. Na biyun ne ya faru. Daga 1928 Musaddiƙ ya koma gonarsa a ƙauyen Ahmadabad, ya kama bakinsa. Duk da haka a 1940 aka kama shi aka kai shi kurkukun Birjand, can gabashin ƙasar, ya yi watanni. A 1941 sojojin Ingila da na Rasha suka mamaye Iran, suka tilasta wa Riza Shah ya sauka ya bar wa ɗansa Muhammad Riza. Ƙofar siyasa ta sake buɗewa, mutanen Tehran suka mai da Musaddiƙ majalisa. A Disamba, 1944, ya sa aka kafa dokar da ta hana kowane minista ƙulla yarjejeniyar mai da baƙi ba da yardar majalisa ba. Aƙidarsa ita ce, ba a daidaita tsakanin Ingila da Rasha ta hanyar ba wannan kudu a ba wancan arewa, sai dai a hana su duka.

Tushen Rigimar Mai

A 1901 sarkin Iran ya ba wani attajiri Bature, William Knox D'Arcy, iznin neman mai a mafi yawan ƙasar har tsawon shekara 60, a kan zai riƙa biyan kashi 16 daga cikin 100 na riba. A Mayu, 1908, aka dace da mai a Masjid Sulaiman, a shekara mai zuwa aka kafa kamfanin Anglo-Persian. A 1914 gwamnatin Ingila ta sayi kashi 51 daga cikin 100 na hannun jarinsa, don jiragen yaƙinta na ruwa su sami mai da araha. A 1933 aka sabunta yarjejeniyar, aka ƙara wa'adinta zuwa 1993, daga baya sunan kamfanin ya koma Anglo-Iranian.

Matatar da kamfanin ya gina a Abadan ta kai ga zama wadda ta fi kowace girma a duniya. Amma harajin da yake zuba wa baitulmalin Ingila ya fi abin da Iran mai rijiyoyin ke samu. Ba a yarda jami'an Iran su duba littattafan lissafi ba, manyan muƙamai na Turawa ne, leburori kuwa da yawansu a bukkokin gwangwani da kwali suke kwana. A Disamba, 1950, kamfanin Amurka da ke Sa'udiyya ya amince da raba riba biyu daidai. Ingila ta yi ta jan ƙafa, ba ta nuna alamar yarda da irin wannan ba sai da lokaci ya ƙure.

Ran 7 ga Maris, 1951, aka harbe Firayim Minista Janar Ali Razmara, wanda ke ganin Iran ba ta da ƙwararrun da za su riƙe masana'antar. Ran 15 ga wata majalisar wakilai ta amince a mai da mai mallakar ƙasa, ran 20 majalisar dattawa ta bi sahu. Ran 28 ga Afrilu wakilai suka zaɓi Musaddiƙ Firayim Minista, yana jagorancin gamayyar 'yan kishin ƙasa da ya kafa a 1949, da goyon bayan babban malami Ayatullah Kashani.

Karawa Da Ingila

Ingila ta tura jiragen yaƙi kusa da Abadan, ta riƙe kuɗin Iran da ke bankunanta, ta kuma yi barazanar kai ƙarar duk wanda ya sayi man. A Oktoba, 1951, ma'aikatanta na ƙarshe suka fice daga matatar. Manyan kamfanonin mai suka haɗa kai da ita, suka ƙara haƙowa a Kuwait da Iraƙi da Sa'udiyya, don haka duniya ba ta ji rashin man Iran ba. Wani jirgi mai suna Rose Mary da ya ɗauko man a 1952, a tashar Adan aka tsare shi.

Musaddiƙ ya mai da faɗan na shari'a, fagen da ya fi ƙwarewa. Ya tafi New York da kansa ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna cewa rigimar tsakanin ƙasa ce da kamfani, ba tsakanin ƙasa da ƙasa ba, kwamitin kuwa ya jingine maganar. A Yuni, 1952, ya je Kotun Duniya a birnin Hague, ran 22 ga Yuli kotun ta yanke cewa ba ta da hurumin sauraron ƙarar Ingila. Mujallar Time ta Amurka ta zaɓe shi gwarzon shekarar 1951. 'Yan jaridun Turai sun yi ta yi masa ba'a, saboda tsoho ne mai yawan laulayi, yakan karɓi jakadu yana kishingiɗe a gado, yakan kuma yi kuka ko ya suma a tsakiyar jawabi. Mutanensa kuwa abin da suka gani shi ne shugaba wanda ba ya karɓar albashi, ba a kuma taɓa kama shi da cin kwabon hukuma ba.

A cikin gida ma akwai wata jayayyar. Ran 16 ga Yuli, 1952, ya yi murabus, domin sarki ya hana shi ikon naɗa Ministan Yaƙi. Aka naɗa Ahmad Ƙawam, jama'a suka fantsama tituna, soja suka buɗe wuta, mutane da dama suka mutu. Ran 21 ga wata sarki ya ja da baya, Musaddiƙ ya komo da ƙarfinsa. Ya rage kasafin soja, ya sallami hafsoshi da yawa, ya kafa dokar da ta sa masu gandu su saki kashi 20 daga cikin 100 na rabonsu, rabi ga manoma, rabi ga ayyukan raya ƙauyuka. A Oktoba ya yanke hulɗar jakadanci da Ingila.

Faɗuwarsa

Nasara a kotu ba ta sayar da ko ganga ɗaya ba. Baitulmali ya bushe, farashi ya hau. An yi ta kawo shawarwarin sulhu, har daga Bankin Duniya, amma duk suka ci tura. Batun diyya na cikin manyan abubuwan da suka hana, gama Musaddiƙ na tsoron a ɗora wa Iran biyan ribar da kamfanin zai ci har zuwa 1993. Ya nemi majalisa ta ba shi ikon kafa doka shi kaɗai na wata shida, ya sake neman na shekara guda, abin da ya raba shi da Kashani da wasu manyan abokan tafiyarsa. A farkon Agusta, 1953, ya shirya ƙuri'ar raba gardama don rushe majalisa, aka ware wa masu cewa i wurinsu, masu cewa a'a nasu daban. Ko masoyansa sun yarda cewa wannan tabo ne ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kare tsarin mulki.

A Amurka kuwa Eisenhower ya gaji Truman, Ingila ta shawo kansa da cewa jam'iyyar Tudeh ta 'yan kwaminis na gab da miƙa Iran ga Rasha. Hukumomin leƙen asirin ƙasashen biyu suka shirya juyin mulki, Kermit Roosevelt na CIA ya shiga Tehran ya raba kuɗi ga hafsoshi da 'yan jarida da 'yan daba. A daren 15 ga Agusta Kanar Nasiri ya kai wa Musaddiƙ takardar sarki ta sallama, aka kama shi, sarki ya tsere Bagadaza, daga can Roma. Ran 19 ga wata aka sake yunƙuri. Taron haya da tankokin yaƙi suka kewaye gidansa, aka yi ɓarin wuta, aka washe gidan. Janar Fazlullah Zahidi ya karɓi mulki, kashegari Musaddiƙ ya miƙa kansa.

A gaban kotun soja ya ƙi yarda da hurumin alƙalan, ya dage cewa laifinsa kaɗai shi ne mai da man Iran ga Iraniyawa. A Disamba, 1953, aka yanke masa shekara uku shi kaɗai a ɗaki. Ministansa na Harkokin Waje, Husain Fatimi, harbe shi aka yi a 1954. Da ya gama wa'adi aka yi masa ɗaurin talala a Ahmadabad, har ya rasu ran 5 ga Maris, 1967. Ya bar wasiyya a binne shi kusa da waɗanda aka kashe a Yulin 1952, hukuma ta hana, sai aka yi masa kabari a cikin ɗakin cin abinci na gidansa.

Abin Da Ya Biyo Baya

A 1954 aka miƙa haƙar man ga tarayyar kamfanoni: kashi 40 ga tsohon kamfanin, wanda a shekarar ya koma BP, kashi 40 ga Amurkawa, 14 ga Shell, 6 ga Faransawa, riba kuma a raba biyu da Iran. Amma hanyar da Musaddiƙ ya share ba ta toshe ba. A 1956 Jamal Abdunnasir ya karɓe mashigin Suwez, a 1960 aka kafa ƙungiyar OPEC a Bagadaza, Iran na cikin ƙasashe biyar da suka kafa ta. A 1979 jama'a suka kori sarkin da juyin mulkin ya dawo da shi, ƙullin 1953 kuwa na cikin abubuwan da suka dagula tsakanin Iran da Amurka tun daga lokacin. A 2000 Sakatariyar Harkokin Wajen Amurka, Madeleine Albright, ta amsa cewa da hannun ƙasarta, a 2013 aka fito da takardun CIA da suka tabbatar da haka.

A nan gida, kamfanin da aka ba iznin neman mai a faɗin Nijeriya cikin 1938, Shell D'Arcy, yana ɗauke da sunan Baturen nan na 1901. Shi ne ya koma Shell-BP, ya dace da mai a Oloibiri a 1956. Nijeriya ta shiga OPEC a 1971, a 1979 kuwa gwamnatin Janar Obasanjo ta karɓe hannun jarin BP saboda batun Afirka ta Kudu da Rodeshiya, gidajen mansa suka koma AP. Ba wanda ya turo jirgin yaƙi, domin zamani ya riga ya sauya, kuma masu irin halin Musaddiƙ na cikin waɗanda suka sauya shi.

Ga ma'aikaci da ɗalibi, rayuwar wannan dattijo na nuna abu biyu. Tsarkin hannu ne ya ba shi ƙarfin tsayawa gaban Ingila, domin ba a sami abin da za a saye shi da shi ba. Amma ya karɓi rijiyoyi alhali ƙasarsa ba ta da jiragen dako, ba ta da kasuwa, ba ta da isassun injiniyoyi, ya kuma bar abokansa suka watse a lokacin da ya fi bukatarsu. Ƙasar da ke son ta ci moriyar arzikinta, tilas ta tanadi amintattun ma'aikata da ƙwararrun hannu tun kafin ranar jayayya ta zo.