Abdus Salam da Sirrin Karyewar Daidaito

Ya kai ɗalibi, ka taɓa zuwa walimar aure a Fadan Kagoma ko Kafanchan, inda baƙi suka zauna a kewaye, aka ajiye kofin kunu tsakanin kowane mutum biyu? Kofi ɗaya yana damarka, ɗaya yana hagunka, kuma babu wanda ya fi wani zama naka. Amma da zarar mutum ɗaya ya ɗauki na dama, tilas kowa ya bi dama. Ka riƙe wannan misali, domin da irinsa ake bayyana aikin mutumin da za ka karanta tarihinsa.

An haifi Abdus Salam ranar 29 ga Janairu, 1926, ya tashi a garin Jhang na lardin Panjab, wanda yake cikin Pakistan a yau. Mahaifinsa ma'aikacin ilimi ne. Yana ɗan shekara 14 ya ci jarrabawar Jami'ar Panjab da makin da ba a taɓa samu ba kafinsa. Ranar da ya komo gida a kan kekensa, mutanen gari suka fito tarbarsa. A 1946 ya sami tallafin karatu zuwa Jami'ar Kambrij a Ingila, inda ya ƙware a lissafi da fiziks.

A 1951 ya koma Lahore domin ya koyar. A nan ya gamu da abin da ya fi talauci ciwo ga mai bincike, wato kaɗaici. Ba shi da abokin tattaunawa, sababbin mujallun kimiyya kuma ba sa isowa hannunsa. Ya zama dole ya zaɓi ɗaya: ƙasarsa ko iliminsa. A 1954 ya sake tafiya Ingila, zuciyarsa ba daɗi, kuma a 1957 ya zama farfesa a Kwalejin Imperial ta Landan.

Tambayar da ta dame shi ita ce wannan. Akwai ƙarfin lantarki da maganaɗisu, wanda yake kunna fitilarka. Akwai kuma wani da ake kira ƙarfi mai rauni, wanda yake aiki a cikin ƙwayar zarra, kuma ba don shi ba da rana ba ta ci ba. A zahiri ba su yi kama ba ko kaɗan. Na farko yana kaiwa nesa, na biyu kuwa bai wuce cibiyar zarra. Salam a 1968, da Steven Weinberg a 1967, kowa a nasa ɓangaren, sun nuna cewa asalinsu ɗaya ne, bisa tubalin da Sheldon Glashow ya aza. A farkon halitta, lokacin da zafi ya kai matuƙa, ƙarfin biyu daidai suke, kamar kofunan nan kafin a taɓa su. Da duniya ta huce, sai daidaiton ya karye. Ƙwayar haske ta zauna ba nauyi, 'yan'uwanta da ake kira W da Z kuwa suka yi nauyi ƙwarai, shi ya sa ƙarfinsu bai kai nesa ba.

Yanzu koma wurin walimar. Idan taron yana da girma, wani a gabas zai iya ɗaukar kofin dama, wani a yamma ya ɗauki na hagu, ba tare da sun ga juna ba. Inda jerin biyu suka haɗu, wani baƙo zai rasa kofi, a wani wurin kuma kofi zai yi saura. Wannan tabo ba ya gyaruwa sai an tashi rabin taron. Tom Kibble, abokin aikin Salam a Imperial, ya nuna a 1976 cewa irin wannan tabo zai iya saura a sararin samaniya tun daga farkon halitta, kamar dogon zare. Masana suna nemansa har yau, ba su gan shi ba tukuna.

Ra'ayin Salam kuwa gwaji ya tabbatar da shi. A 1973 cibiyar CERN da ke kusa da Janiba ta ga alamarsa ta farko. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel tare da Glashow da Weinberg, a 1983 kuma aka gano W da Z.

A ganina, aikinsa na biyu bai gaza na farko ba. Bai manta da kaɗaicin Lahore ba. A 1964 ya kafa cibiyar nazarin fiziks a birnin Trieste na Italiya, domin malami daga Afirka ko Asiya ya je ya yi 'yan watanni cikin takwarorinsa, sannan ya koma ga ɗalibansa. Malaman jami'o'in Nijeriya da dama sun bi wannan hanya, kuma a 1981 Jami'ar Maiduguri ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a Oksfod ranar 21 ga Nuwamba, 1996, bayan doguwar jinya, aka kai gawarsa Pakistan aka binne. Shekara ɗaya bayan haka aka sa wa cibiyar Trieste sunansa.