Janusz Korczak: Malamin da Ya Ƙi Rabuwa da Ɗalibansa

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Henryk Goldszmit a birnin Warsaw na ƙasar Polan wajajen shekarar 1878, cikin wani gida na Yahudawa. Sunan alƙalaminsa, Janusz Korczak, shi ne ya bi shi har ya danne na yanka. Ya karanci aikin likita, ya kammala a 1905, ya kuma ƙware wajen duba yara.

Ayyukansa

A 1912 ya bar asibiti ya karɓi jagorancin gidan marayun Yahudawa a Warsaw, tare da Stefania Wilczyńska. A gidan, yara suna da majalisarsu da jaridarsu da kotunsu, wadda ko shi kansa ana iya gurfanar da shi a gabanta. Ra'ayinsa shi ne yaro cikakken mutum ne tun yana ƙarami, don haka yana da haƙƙin a mutunta shi, a kuma saurare shi. Wannan ra'ayi ne ya shimfiɗa a littattafansa na tarbiyya, da ƙagaggen labarinsa na yaron da ya gaji sarauta. A 1926 ya kafa jarida wadda yara ne marubutanta.

Ƙarshen Rayuwarsa

Sojojin Hitila sun mamaye Polan a 1939. A 1940 'yan Nazi suka tattara Yahudawan Warsaw cikin unguwa guda, suka kewaye ta da katanga. Yunwa da annoba suka yi ta ɗibar jama'a. Korczak ya riƙa bin gida-gida yana roƙo domin ciyar da marayunsa, bai kuma dakatar da karatunsu ba. Abokan arziki sun nema masa hanyar tsira, amma ya ƙi tafiya ya bar yaran. A watan Agusta na 1942 aka kwashe shi da Wilczyńska da yara kimanin 200 zuwa sansanin Treblinka, inda aka hallaka su baki ɗaya.

Kammalawa

Ana lissafa shi cikin waɗanda tunaninsu ya share fagen Yarjejeniyar Haƙƙin Yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1989. Ga ɗalibin da gobe zai riƙe alli a firamaren Kankiya ko Kusada, tarihin nan yana nuna cewa yaran aji amana ce a hannun malami, kuma ba a sanin mai riƙon amana sai ranar tsanani.