Pierre Teilhard de Chardin

Pierre Teilhard de Chardin (1 ga Mayu, 1881 – 10 ga Afrilu, 1955) limamin cocin Katolika ne ɗan ƙasar Faransa, ɗan ƙungiyar Jesuit, masanin duwatsu da burbushin halittu, kuma marubucin falsafa. Yana cikin masanan da suka yi aiki a kan ƙasusuwan mutumin Peking a ƙasar Sin. An fi saninsa da ƙoƙarin nuna cewa juyin halitta bai ci karo da bangaskiyar Kirista ba. Shugabannin ƙungiyarsa sun hana shi buga littattafansa na addini da falsafa, shi ya sa ba su fito ba sai bayan rasuwarsa.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a gidan iyayensa da ke Sarcenat, kusa da birnin Clermont-Ferrand a yankin Auvergne, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Mahaifinsa mai sha'awar nazarin duwatsu da tsirrai da ƙwari ne, mahaifiyarsa kuma mai riƙon addini ce ƙwarai. Ya shiga ƙungiyar Jesuit a shekarar 1899 a Aix-en-Provence. Da dokar Faransa ta 1901 ta takura wa ƙungiyoyin addini, sai ya ci gaba da karatu a tsibirin Jersey.

Daga 1905 zuwa 1908 ya koyar da kimiyya a makarantar Jesuit da ke Alƙahira, a Masar. Daga nan ya tafi Hastings a Ingila ya karanta ilimin tauhidi, aka naɗa shi firist ranar 24 ga Agusta, 1911. A wannan tsakanin ne ya karanta littafin Henri Bergson kan juyin halitta, wanda ya yi tasiri sosai a tunaninsa.

A 1912 ya fara aiki a gidan tarihin halittu na Paris ƙarƙashin Marcellin Boule, masanin mutumin Neanderthal. A 1913 ya taya Charles Dawson tono a Piltdown, inda ya tsinci wani haƙori. A 1953 aka gano cewa ƙasusuwan Piltdown jabu ne. Stephen Jay Gould ya zargi Teilhard da hannu a ciki, amma binciken da aka fitar a 2016 ya ɗora laifin a kan Dawson.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin ɗauko waɗanda suka ji rauni daga fagen daga, a rundunar da ta ƙunshi sojojin Arewacin Afirka, har aka ba shi lambobin yabo na jarumta. Ya sami digirin digirgir a 1922, ya kuma koyar da ilimin duwatsu a jami'ar Katolika ta Paris.

Saɓani kan zunubin asali

A shekarun farko na koyarwarsa ya rubuta wata gajeruwar takarda kan zunubin asali. Abin da ya dame shi shi ne, burbushin halittu ya nuna cewa mutuwa da wahala sun daɗe a duniya tun kafin ɗan Adam ya bayyana, kuma yana ganin mutane sun fito ne daga wata al'umma, ba daga mutum biyu kaɗai ba. Don haka ya nemi wata hanyar fahimtar labarin Adamu da Hawwa'u. Takardar ta kai Roma. A 1925 shugabanninsa suka sa ya sanya hannu kan sharuɗɗa shida na aƙida, suka kuma raba shi da kujerar koyarwa. Ya yi biyayya, bai bar ƙungiyar ba.

Aiki a ƙasar Sin

Ya fara zuwa Sin a 1923, inda suka yi bincike a hamadar Ordos tare da Fada Émile Licent. Ya koma a 1926, kuma can ya yi mafi yawan shekaru ashirin da suka biyo baya. Ya zama mai ba da shawara a aikin tonon kogon Zhoukoudian, kusa da Beijing, tare da Davidson Black. A watan Disamba na 1929 Pei Wenzhong ya gano ƙoƙon kan mutumin Peking, wanda a yau ake lissafa shi cikin jinsin Homo erectus. Aikin Teilhard shi ne nazarin jerin duwatsun kogon da ƙasusuwan dabbobin da ke ciki, domin a kimanta zamanin da mutumin ya rayu. Ainihin ƙasusuwan sun ɓace a 1941 cikin ruɗanin yaƙi.

Tunaninsa

Tsakanin 1938 da 1940 ya rubuta babban littafinsa, Le Phénomène humain. A ganinsa juyin halitta yana da alƙibla: duk lokacin da tsarin abu ya ƙara sarƙaƙiya, wayewar da ke cikinsa tana ƙaruwa. Daga abubuwa marasa rai aka sami rai, daga rai aka sami ɗan Adam, wanda ya san cewa ya sani. Tunanin mutane da ya lulluɓe duniya shi ya kira noosphere, kalmar da Édouard Le Roy da Vladimir Vernadsky su ma suka yi amfani da ita. Ya ce komai yana tafiya ne zuwa maƙura guda, wadda ya sa wa suna Omega, harafin ƙarshe na Girkanci, ya kuma ɗauke ta a matsayin Almasihu kamar yadda littafin Wahayin Yahaya ya siffanta shi. Ke nan a wurinsa juyin halitta hanya ce da Allah yake yin halitta da ita.

Ƙarshen rayuwa

Ya koma Faransa a 1946. A 1948 ya je Roma neman izinin buga littafin da karɓar kujerar farfesa a Collège de France, aka hana shi duka biyun. A 1950 aka zaɓe shi cikin majalisar masana kimiyya ta Faransa. A shekarar ce Paparoma Pius na 12 ya fitar da wasiƙar Humani generis, wadda ta halatta bincike kan juyin halittar jiki, amma ta nace cewa Allah ne yake halittar ruhi kai tsaye, ta kuma ƙi ra'ayin cewa mutane sun fito daga kakanni da yawa.

A 1951 ya koma New York ya yi aiki da gidauniyar Wenner-Gren, ya kuma ziyarci wuraren tono a Afirka ta Kudu a 1951 da 1953. Ya rasu ranar Lahadin Ista ta 1955, aka binne shi a maƙabartar Jesuit da ke Hyde Park a jihar New York. Ya bar rubuce-rubucensa a hannun sakatariyarsa Jeanne Mortier, ita ta sa aka buga su.

Tasiri da suka

Littafin ya fito a 1955, fassararsa ta Turanci kuma a 1959 da gabatarwar Julian Huxley. Peter Medawar ya yi masa kakkausar suka a 1961, yana ganin ba kimiyya ba ce, kuma mafi yawan masana halittu ba su yarda juyin halitta yana da alƙibla ba. Theodosius Dobzhansky kuwa ya yaba masa. A 1962 Fadar Vatican ta yi gargaɗi cewa akwai kurakuran aƙida a rubuce-rubucensa, yayin da Henri de Lubac ya kare shi. A Afirka, shugaban Senegal Léopold Sédar Senghor ya yi rubutu kan tunaninsa da siyasar nahiyar. Paparoma Benedict na 16 ya ambace shi da alheri a 2009, Paparoma Francis kuma ya ambace shi a wasiƙarsa Laudato si' ta 2015.