LEONHARD EULER: MALAMIN LISSAFI DA BAI RAINA MAI KOYO BA

Kowace shekara idan jarrabawa ta gabato, mukan ji 'yan makaranta suna kuka da lissafi. Wani ya ce kansa ba ya ɗauka, wata ta ce ai wannan darasi sai 'yan baiwa. Domin haka muka ga ya dace mu ba da tarihin wani bawan Allah wanda masana suka yarda yana cikin manyan masu lissafi da aka taɓa yi, amma duk da girmansa ya ba da lokacinsa domin masu koyo. Sunansa Leonhard Euler. Haka ake rubuta sunan, wajen faɗa kuwa sai a ce Oila.

An haife shi ran 15 ga Afrilu, 1707, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Mahaifinsa, Paul Euler, fasto ne, mahaifiyarsa kuma 'yar fasto ce. Ya tashi a wani ƙauye mai suna Riehen kusa da birnin, inda mahaifinsa yake kiwon ikilisiya. Shi mahaifin ne ya fara koya masa lissafi a gida. Yana ɗan shekara 13, a 1720, ya shiga Jami'ar Basel.

A jami'ar akwai wani shahararren malamin lissafi, Johann Bernoulli. Yaron ya je ya roƙe shi ya riƙa koya masa shi kaɗai. Malamin ya ƙi, don ayyuka sun yi masa yawa. Amma bai kore shi hannu wofi ba. Ya nuna masa littattafai masu wuya, ya umarce shi ya je ya yi ta fama da su shi kaɗai, ran Asabar da yamma kuma ya kawo abin da ya gagare shi. Haka suka yi ta yi. Euler ya lura cewa idan malamin ya kwance masa ƙulli ɗaya, sai waɗansu da yawa su warware da kansu. Har ya tsufa yana yabon wannan hanyar koyo.

Nufin mahaifinsa shi ne ya gaje shi cikin aikin fasto, har ma ya fara karatun tauhidi da Helenanci da Ibrananci. Bernoulli ne ya shawo kan mahaifin ya bar yaron ya bi lissafi. Euler bai zama fasto ba, amma bai bar bangaskiyar gidansu ba har mutuwarsa.

Da ya gama karatu ya nemi aikin koyarwa a Basel, bai samu ba. Sai a 1727, yana da shekara 20, ya tafi ƙasar Rasha, inda aka ba shi aiki a sabuwar cibiyar kimiyya ta birnin St. Petersburg. Bai sake komawa ƙasarsu ba. A can ya auri Katharina Gsell a 1734. Allah ya ba su 'ya'ya 13, amma 5 ne kawai suka girma. Duk wanda ya taɓa binne ɗa ya san nauyin da wannan iyali suka ɗauka.

Cikin waɗannan shekaru sunansa ya fara bazuwa a Turai saboda warware matsalolin da suka gagari manya. Amma ga abin da muke so mu lura da shi. A 1738, lokacin da masana suke rububin karanta bincikensa, ya fitar da littafin ƙidaya domin yaran makarantar da ke ƙarƙashin cibiyar, mai koyar da tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. A wajen wannan lokaci ne kuma idonsa na dama ya mutu, bayan wani zazzaɓi mai tsanani da ya yi.

A 1741 Sarki Frederick ya gayyace shi zuwa Balin, a Jamus, ya zauna can shekara 25. Zaman bai yi daɗi sosai ba. Sarkin yana son mutane masu iya zance da ba'a, Euler kuwa mutum ne mai sauƙin kai, mai riƙon ibada, har sarkin yakan yi masa ba'ar ido ɗaya. An ce kowace yamma yakan tara iyalinsa su yi addu'a su karanta Littafi Mai Tsarki. A 1747 ma ya rubuta ɗan littafi yana kare Maganar Allah daga masu musunta.

A Balin ne aka roƙe shi ya koyar da wata gimbiya 'yar shekara 15, 'yar dangin sarki. Tsakanin 1760 da 1762 ya rubuta mata wasiƙu fiye da 200 da Faransanci. Ya bayyana mata yadda sauti yake tafiya, dalilin da ya sa sararin sama yake shuɗi, dalilin sanyi a kan manyan duwatsu, da yadda wata yake jan ruwan teku. Da ya zo koya mata yadda ake auna hujja, sai ya zana da'irori, wata cikin wata, wata tana ratsa wata. Irin da'irorin nan da muke zanawa a aji idan muna rarraba abubuwa rukuni rukuni, danginsu ne. Daga baya aka buga wasiƙun aka juya su zuwa harsuna da yawa, talakawa ma suka amfana da abin da aka rubuta wa 'yar sarauta.

Da yawa daga cikin alamun da muke rubutawa a allo sun bi ta hannunsa. Shi ya kawo f(x), da Σ domin jimla, da harafin e. Shi ne kuma ya sa alamar π ta zama gama-gari. Ga wani abu da ya gano wanda kowa zai iya gwadawa yau. Ku ɗauki kwalin ashana ku ƙirga: kusurwa 8, gefe 12, fuska 6. Ku ɗebe gefe daga kusurwa ku ƙara fuska, amsa ita ce 2. Ku gwada da dala irin ta Masar: kusurwa 5, gefe 8, fuska 5. Amsa 2 ce kuma.

A 1766 ya koma St. Petersburg bisa gayyatar Sarauniya Catherine. Ba da daɗewa ba yana ta rufe idonsa na hagu. A wannan hali ne ya shirya littafinsa na aljebra domin masu farawa. Da yake ba ya iya rubutu sosai, sai ya sa wani saurayi mai yi masa hidima, wanda ya zo da shi daga Balin, ya riƙa rubuta abin da yake faɗa. Saurayin nan tela ne, ba shi da zurfin karatu. Waɗanda suka buga littafin sun shaida cewa kafin a gama aikin, telan ya iya warware matsalolin aljebra da kansa. Littafin ya fito da Jamusanci a 1770.

Me ya sa tela ya gane? Domin malamin ya fara daga abin da kowa ya sani. Da zai bayyana lambar da take ƙasa da sifiri, sai ya kawo misalin bashi. Mutumin da ba shi da ko anini, ana kuma binsa 50, yana ƙasa da babu da 50. Idan wani ya ba shi 50 ya biya, bai zama mai kuɗi ba, ya dai iso sifiri ke nan. Daga irin wannan yake hawa da mai karatu mataki mataki, ba ya tsallake ko ɗaya, ba ya kuma ɓoye hanyar da ya bi.

Shekarar 1771 ta zo masa da gwaji biyu. Gobara ta cinye gidansa, sai da wani ya goyo shi ya fitar da shi daga cikin wuta. Aka yi masa aikin ido, ya ɗan gani na 'yan kwanaki, sa'an nan ganin ya tafi kusan gaba ɗaya. Matarsa kuma ta rasu a 1773. Duk da haka bai ajiye aiki ba. Yakan yi lissafi a ka, ya rubuta manyan haruffa da alli a kan allo, 'ya'yansa da almajiransa su kwafe. Ta haka su ma suka koyu. Ɗaya daga cikinsu, Nicolas Fuss, wanda ya zo daga Basel yana saurayi, daga baya ya zama sakataren cibiyar. Da aka tattara ayyukan Euler an sami fiye da 800, kusan rabinsu kuwa bayan komawarsa Rasha ya yi su, lokacin da idanu suka ƙi.

Ya rasu ran 18 ga Satumba, 1783, yana da shekara 76. A ranar ma sai da ya koya wa jikansa darasin lissafi, ya kuma tattauna da abokan aikinsa a kan tauraron Uranus da aka gano shekara biyu kafin nan.

To, mu malamai, in mutum irin wannan ya zauna ya bayyana wa tela ma'anar bashi da sifiri, ba mu da hujjar gajiya da ɗan aji ɗaya da ya maimaita tambaya. Ku kuma 'yan makaranta, ku tuna da yammacin Asabar. Euler bai je wurin malaminsa da littafi a rufe ba. Sai da ya yi fama kwana shida, sa'an nan ya kai abin da ya fi ƙarfinsa. Ku gwada aikin tukuna, ku sa alama a inda kuka tsaya, ku kawo mana ba tare da jin kunya ba. Iyaye kuma, kada mu ce wa yaro ko yarinya kansu ba na lissafi ba ne. Ubangiji ya ba mu haƙurin koyarwa da naciyar koyo. Amin.