Umaru Nagwamatse (1806–1876): Gari ya Ba shi Suna, Shi ma ya Ba Gari Suna

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa ruwa ba ya tsami banza. Haka sunan gari yake, da wuya a same shi babu dalili. Wani garin sunan wanda ya sare shi yake ɗauka, wani sunan kogi ko dutsen da ke kusa da shi, wani kuma sunan abin da ya faru ranar da aka fara sauka a wurin. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Minna ta ratsa Zungeru da Tegina ta nufi Kwantagora, zai yi ta cin karo da garuruwa da ƙauyuka waɗanda tarihin kafuwarsu, ko na tashinsu daga inda suke a da, yake da alaƙa da mutum guda da zuriyarsa. Wannan mutum shi ne Umaru Nagwamatse, Sarkin Sudan na farko. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa a taƙaice, sannan ta nuna yadda sawunsa ya rage a sunayen garuruwan Jihar Neja, tun daga Kwantagora har zuwa ƙasar Gbagyi da ke kewaye da Minna da Tagwai.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Umaru wajajen shekarar 1806, wato shekara biyu bayan fara jihadin kakansa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tun kafin a ci Alƙalawa a 1808, kuma tun kafin a gina birnin Sakkwato a 1809. Mahaifinsa shi ne Abubakar Atiku, ɗan Shehu kuma ƙanin Muhammadu Bello. Atiku ne ya gaji Bello, ya riƙe sarautar Sarkin Musulmi daga 1837 zuwa 1842. Ke nan Umaru ya buɗe ido ne a gidan malanta da mulki, a zamanin da yaro ke koyon karatu da hawan doki lokaci guda.

A zamanin Muhammadu Bello an ɗauki tsarin kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa da iyalansu su yi noma, su yi karatu, su kuma tsare daula daga harin Gobirawa da Kabawa da sauran waɗanda ba su miƙa wuya ba. Bello da kansa ya zauna a Wurno, ya kuma rarraba 'ya'yan gidan Shehu a kan sauran ribaɗan. A cikin wannan tsari ne aka ba Umaru riƙon wani ribaɗi a ƙasar Sakkwato mai suna Gwamatse. Daga nan laƙabinsa ya samo asali. Al'adar Hausa ce a jingina mutum ga garin da ya zauna, kamar yadda ake cewa Atiku na Raba. To shi ma sai aka riƙa kiran sa Umaru na Gwamatse, har laƙabin ya danne sunan yanka. Yau mutane da yawa sun san Nagwamatse, amma kaɗan ne suka san cewa sunan wani ƙaramin gari ne yake ɗauke da shi.

Daga bisani ya riƙe ribaɗin Katuru a ƙasar Zamfara. A can ne jarumtarsa da kyautarsa suka jawo masa mabiya masu yawa, abin da bai kwanta wa mahukuntan Sakkwato a rai ba. A lokacin kuwa sarauta ta koma gidan Bello, domin Aliyu Babba ɗan Bello ne ya hau a 1842, kuma akwai gasa tsakanin gidan Bello da gidan Atiku. Ƙarshenta dai aka raba Umaru da ribaɗinsa. Ga shi ɗan sarki, ga mayaƙa a bayansa, amma babu ƙasar da zai kira tasa.

Tafiyarsa Kudu

Zomo ba ya kamuwa daga kwance. Umaru ya tattara jama'arsa ya yi kudu, inda ya shafe shekaru yana yaƙi a ƙarƙashin tutar wasu. Ya zauna tare da Makama Dogo, wanda ya kafa Nasarawa, sannan ya shiga ƙasar Nupe a shekarun 1850. A lokacin 'ya'yan Malam Dendo, wato Usman Zaki da Masaba, suna fama da tawayen sarkin yaƙinsu Umaru Bahaushe, rikicin da ya ƙare wajajen 1857 aka mai da Bida babban birnin Nupe. A waɗannan shekaru ne Nagwamatse ya san ƙasar da kyau, ya kuma lura da wani abu da ya sauya rayuwarsa.

Tsakanin Zazzau daga gabas, da Nupe daga kudu, da Yawuri daga yamma, da Zamfara daga arewa, akwai ƙasa mai faɗi wadda babu wani mai tutar jihadi da ya mallake ta. Ƙasa ce ta dazuzzuka da duwatsu da koguna irin su Kaduna da Mariga, mai albarkar noma. Mazaunanta su ne Kambari da Kamuku da Dukawa da Bassa da Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da wasu ƙabilu da dama. Ba su da sarki guda da ya haɗa su. A ƙasar Gbagyi kaɗai akwai Kuta da Paiko da Bosso da Maikunkele da Guni da sauransu, kowane gari da sarkinsa da iyakarsa. Wannan rarrabuwa ita ce ƙofar da Nagwamatse ya shiga ta cikinta.

Ya fara kafa sansaninsa a yankin Wushishi, kusa da kogin Kaduna. Yana da kyau mai karatu ya fahimci yadda sansani ke rikiɗa ya zama gari, domin haka garuruwa da yawa suka samu a wancan ƙarni. Da farko bukkoki ne ake kafawa da rani, lokacin fita yaƙi. In damina ta faɗi ba a tashi ba, sai a yi shuka, a zaunar da bayi a gandaye. Daga nan sai iyali su biyo, fatake su fara ya da zango saboda akwai tsaro da ciniki, malamai su zo da almajiransu, maƙera da dukawa da mahauta su sami abin yi. Kafin a ankara an ja ganuwa, an gina masallacin Juma'a, an naɗa masu unguwanni. Ta wannan hanya ce Wushishi ta zama garin sarauta na zuriyar Nagwamatse.

Sarkin Sudan da Kafuwar Kwantagora

A shekarar 1859 Aliyu Babba ya rasu, sarauta ta dawo gidan Atiku, inda Ahmadu Atiku, ɗan'uwan Umaru uba ɗaya, ya zama Sarkin Musulmi. Shi ne ya ba Umaru sarautar Sarkin Sudan. Kalmar Sudan a nan ba ta nufin ƙasar da Hartum ke cikinta. Daga Larabci take, inda ake nufin ƙasar baƙaƙen fata da ita, kuma a wannan sarauta tana nuni ne ga ƙasashen kudu da ba su shiga hannun daula ba. Da wannan naɗi, mutumin da aka raba da ribaɗi ya zama mai izini daga Sakkwato kai tsaye, alhali maƙwabtansa Nupe da Yawuri suna ɓangaren Gwandu ne.

Daga nan ya juya arewa maso yamma. Ya sami gidan sarautar Yawuri cikin rikicin gado, ya tsoma hannu a ciki, ya kuma fita da yanki mai yawa na gabashin ƙasar, musamman garuruwan Kambari. A shekarar 1864 ya kafa garin Kwantagora a bakin kogin da ake kira da wannan suna, ya mai da shi mazaunin mulkinsa. Ita ce ɗaya daga cikin masarautu na ƙarshe da aka kafa a Daular Sakkwato, shekara 60 bayan fara jihadi.

Labarin da ya fi yaɗuwa game da sunan garin shi ne, da rundunar ta iso wurin bayan doguwar tafiya, sai Nagwamatse ya umarci mutanensa su kwantar da gorunansu. Gora ita ce abin ɗaukar ruwan matafiyi, ba a kuwa kwantar da ita sai an iso inda ruwa yake, an kuma yi niyyar zama. Daga kwanta gora sai aka sami Kwantagora, wanda Turawa suka rubuta Kontagora. Haka kuma akwai rijiyar da ake kira Rijiyar Nagwamatse a wajen garin, wadda mutanen ƙasar ke ba da labarin cewa shi ya tone ta lokacin da jama'arsa suka rasa ruwa. Duka labaran biyu a kan ruwa suke, kuma duka suna nuna shi a matsayin jagoran da ya kawo mutanensa masauki. Wannan ita ce fuskar da zuriyarsa da mabiyansa suka adana.

Ɗaya Fuskar Tarihin

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masarautar da Nagwamatse ya kafa ta tsayu ne a kan hari da kamun bayi da karɓar gandu. Garin da ya miƙa wuya yakan biya da hatsi ko kuɗi ko mutane, wanda ya ƙi kuma a auka masa. Abin da ya zama kafuwar gari ga wasu, shi ne ya zama tashin gari ga wasu. Ƙauyuka da yawa na Kambari da Kamuku da Gbagyi sun watse a zamaninsa da zamanin magadansa. Waɗanda suka tsira suka haye kan duwatsu, inda doki ba ya iya hawa, suna saukowa noma da safe su koma kafin duhu.

Minna kanta misali ce. Tsohon garin na Gbagyi a kan dutsen Paida yake, kuma bayanin da aka fi sani shi ne sunan daga harshen Gbagyi ya fito, yana da alaƙa da wuta, saboda al'adar kunna sabuwar wuta ta shekara-shekara da mutanen yankin ke yi. Sai bayan da hare-hare suka lafa, jirgin ƙasa na Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911 ya ratsa ta wurin, sannan gari ya bunƙasa a ƙasan dutsen. Ƙauyukan da ke kewaye da Tagwai, inda aka gina madatsar ruwan da ke shayar da Minna a ƙarshen shekarun 1970, duk cikin wannan ƙasa ta Gbagyi suke.

Sunayen wasu garuruwan yankin ma suna ɗauke da alamar zaman ɗarɗar. Kalmar kagara a Hausa tana nufin shingen kariya daga abokan gaba. Kafi kuma shi ne katangar itatuwa da ake kafawa a kewaye gari, kamar yadda ake ji a sunan Kafin Koro. A gefe guda kuma ga tunga, wato ƙaramin mazauni da wani ya sara a fili, kamar Tungan Malam, da sunaye irin su Sabon Gida da Sabon Gari, waɗanda ke nuna an bar wani tsohon wuri an yi sabo. Mai lura zai iya karanta lokacin tsoro da lokacin kwanciyar hankali daga allunan bakin hanya.

Rasuwarsa da Abin da ya Biyo Baya

Umaru Nagwamatse ya rasu a shekarar 1876 yana da kimanin shekara 70. Ɗansa Modibbo ya gaje shi har zuwa 1880, sannan wani ɗan nasa, Ibrahim, ya hau. A zamanin Ibrahim ne hare-hare a ƙasar Gbagyi suka fi tsanani. A farkon 1901 sojojin Ingila suka ci Kwantagora, Ibrahim ya fita, aka kama shi daga baya, sannan aka mai do shi kan sarauta a 1903, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1929. Rahotannin Turawa na wancan lokaci sun yi ta bayyana yadda suka tarar da ƙasar a kufai. Akwai gaskiya a ciki, amma wajibi ne ɗalibi ya tuna cewa masu rubutun suna neman hujjar mamayarsu ne. Su kansu sun kafa hedikwatar Arewa a Zungeru, dab da Wushishi, a 1902, kafin su koma Kaduna a 1917. Sarautar Sarkin Sudan kuwa ta ci gaba a gidan Nagwamatse, daga Ibrahim zuwa Umaru Maidubu, zuwa Mu'azu Ibrahim, zuwa Sa'idu Namaska wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 2021.

Kammalawa

Rayuwar Nagwamatse ta nuna cewa tarihin gari ɗaya yakan zo da baki biyu. Bakwantagore zai ba ka labarin gora da rijiya, Bagwari ko Bakambare kuma ya nuna maka kufai a kan dutse, kuma kowannensu gaskiyar kakanninsa yake faɗa. Tarihin da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai cika ba. Na fada an rubuta shi, na ƙauye kuwa yawancinsa a bakin tsofaffi yake, su kuma kullum raguwa suke yi. Bugu da ƙari, sace ɗalibai da 'yan bindiga suka yi a Kagara da Tegina a 2021, da ƙauyukan da suka tashi saboda irin wannan fitina, sun nuna cewa gari na iya watsewa a zamaninmu ma, sunansa da labarinsa su tafi tare da shi. Saboda haka akwai aiki a gaban ɗaliban harshe da adabi. Duk wanda ya je hutu gida ya zauna da dattawan garinsu, ya tambayi wanda ya sari garin, da inda suka taso, da ma'anar sunan a harshen masu wurin na asali, sannan ya rubuta abin da ya ji yadda ya ji shi.